Dala 500 muka biya aka kaimu kamun kifi a Amurka, ga yadda na ga aikin mai jirgin

Salam jama'a. Yau sati uku kenan da dawowata kuma har yanzu duk wanda ya leƙo shagona a Kwari sai yace Alhaji ina hoton kifin nan da ka sa a WhatsApp, in na miƙa masa waya ya gani tambayar farko kilo nawa ne, ta biyu a ina aka soya shi, in nace ai ruwa na mayar da shi sai mutum yayi shiru yana kallona. Na gaji da maimaita labari ɗaya sau goma a rana shi yasa nace bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, musamman saboda akwai mutum biyu a majalisarmu da 'ya'yansu ke can kuma sun ce suna so su gwada in sun je, to gara su san abin da za su biya da abin da za su samu.

Abin da ya kaini Amurka bikin kammala karatun babban ɗana ne, a watan Mayu, yana zaune a Dalas ta jihar Teksas. Yaron ya san ni da son fatsa tun yana ƙarami, don ni a cikin gari na tashi lokacin kududdufai ba a cike su an yi gini ba, da kara da zare da tana muke wuni muna kamo 'yan karfasa da tarwaɗa, da na girma na samu abin hawa kuma ranar Lahadi Tiga nake tafiya ko Bagauda in zauna bakin ruwa wajen masunta. To shi ne bayan an gama biki yace Abba na yi maka tanadin wani abu, na kama mana mai jirgi zai kaimu kamun kifi wuni guda. Da na ji kuɗin nace a'a rabi zan biya, don yaro ne da bai daɗe da fara aiki ba. Dala 500 ne mu biyu na awa takwas, an fara ba da kafin alƙalami dala 100 ta intanet tun sati biyu kafin ranar, sannan akwai lasisin kamun kifi na kwana ɗaya da kowa zai saya da kansa a waya, nawa bai kai dala 20 ba. Ku je Wapa ku tambayi canjin yau ku lissafa, ba ƙananan kuɗi bane ko kaɗan.

Tafkin suna ce masa Lek Fok, gabas da Dalas, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota. Ba tafkin Allah da Annabi bane, dam ne kamar namu, an tare ruwan a 1980, wato Tiga ma da aka gina zamanin Audu Bako aka gama a 1974 ta girme shi, kuma ta fi shi faɗi, shi eka dubu 27 ne da 'yan kai. Amma abin da sukayi da ya bambanta shi, lokacin da za su tare ruwan ba su sare dajin gaba ɗaya ba, suka bar bishiyoyi da yawa a tsaye ruwa ya shanye su, har yau in kana tafiya zaka ga kututture sun leƙo sama kamar turakun shinge, wasu kuma suna ƙasa da ruwa kaɗan ba ka ganinsu. Sannan suka kawo irin kifin daga jihar Fulorida, wanda ya fi na sauran wurare girma, suka zuba. Bishiyoyin nan su ne gidan kifin, su ne kuma suke fasa jirgin wanda bai san hanya ba, don haka tun daga nan zaka gane dalilin da yasa baƙo yake neman ɗan gari.

Kifin da ake zuwa dominsa suna kiransa bas, mai faɗin baki. Ba mu da shi a ruwanmu. In zan kwatanta maka, ka ɗauki ƙaramin giwan ruwa ka shafa masa launin kore-kore, ka ja masa baƙin layi a gefe daga kai zuwa wutsiya, cikinsa fari, sannan ka buɗe bakin har ya wuce bayan ido. Babba a cikinsu dunƙulen hannunka zai shige bakinsa ba tare da ka taɓa gefe ba. Mafarauci ne, ba ya kiwo a ƙasa kamar tarwaɗa, laɓewa yake jikin kututture ko cikin ciyawa yana jira ƙaramin kifi ko kwaɗo ya gitta ya zuƙe shi lokaci ɗaya. Matan sun fi mazan girma nesa ba kusa ba, duk wani ƙato da zaka ga an ɗaga a hoto mace ce. In sanyi ya wuce ruwa ya fara ɗumi, wajen Maris zuwa Afrilu, namijin ne yake share wuri a ruwa mara zurfi, macen ta zuba ƙwai ta tafi, shi ya tsaya gadi har su ƙyanƙyashe. Mu da muka je a Mayu yawanci sun gama, manyan sun fara komawa zurfi.

Kuma kar ku ɗauka wani dodon kifi ne. Wanda ya fi kowanne girma a tarihin Teksas a wannan tafkin aka kama shi, wani Barry St. Clair a 1992, fam 18.18, wato kilo takwas da kwata. Na duniya gaba ɗaya George Perry ne a jihar Jojiya tun 1932, kilo goma da ɗan ɗoriya, sai a 2009 wani ɗan Japan ya kama wanda ya yi kunnen doki da shi a tafkin Biwa na ƙasarsu. Da na faɗa wa mai jirgin cewa a Argungu a 2020 wanda ya ci gasa kifinsa kilo 78 ne, kuma da hannu da homa da gora ake shiga ba jirgi ba inji, sai da ya sa ɗana ya nuna masa bidiyo a waya ya kalla sau biyu. To ka ga ba girman bane yake jan mutane, yadda kifin yake kai hari da yadda yake faɗa ne, da kuma wayonsa.

Ƙarfe uku da rabi na dare muka bar gida, muka yi asuba a gefen filin ajiye motoci na bakin ruwa, shida saura mai jirgin ya iso yana jan jirgin a bayan motarsa. Bature ne dattijo zai yi shekara sittin da wani abu, fatarsa duk rana ta ƙone ta, ba shi da yawan magana. Abu na farko da ya burge ni, bai bari mun taka jirgi ba sai da ya ga lasisin kowa a waya, ya ba mu rigar ruwa ya duba da hannunsa ko ta ɗauru, ya tambaye ni ko na iya iyo. Wannan ba ƙaramin abu bane a wajena, mu da muke Kano ba mu manta da jirgin Bagwai na 2021 ba da yaran da muka rasa, Allah ya jiƙansu. Ina ganin rigar nan sai da zuciyata ta koma can.

Jirgin kansa ba irin kwale-kwalenmu bane, shafaffe ne mai faɗi an shimfiɗa masa kafet, gaba da baya akwai dandamali da zaka tsaya ka yi jifa, ƙaton inji a baya, ƙarami na batir a gaba wanda yake takawa da ƙafa ba ya ƙara don kar kifi ya ji, akwatuna a ƙarƙashin ƙafarka cike da sanduna, da wani akwatin da ruwa ke zagayawa a ciki don ajiye kifi da rai. Ga alluna guda uku kamar ƙananan talabijin masu nuna ƙasan ruwa. Amma gudun da yayi damu da safen nan gaskiya ban ji daɗinsa ba, duhu bai gama washewa ba, ga kututture hagu da dama, iska tana dukan fuska har hawaye na zuba, ni dai na riƙe ƙarfe ina ta hasbunallahu. Akwai hanyar da aka sa wa alamu masu yawo a ruwa kuma a cikinta yake bi, ya san abinsa, amma da ya ce mana ku riƙe da kyau za mu yi gudu ai da mutum ya shirya. Sai da ɗana ya taɓa shi yace mahaifina bai saba ba sannan ya rage, kuma daga nan bai sake ba har muka tashi.

Minti goma sha biyar ya kashe babban inji a wani lungu da ciyawa ta kwanta a bakin ruwa. Yace mu yi shiru mu kalli can. Ni ban ga komai ba da farko, sai da na ƙura ido na ga ruwan yana ɗan motsi kamar ana yayyafi, ashe ƙananan kifaye ne farare suke zuba ƙwai a jikin ciyawa da sassafe, yace rana na fitowa za su watse, kuma duk inda suke manyan suna ƙasa suna jira. Ga zalɓe guda biyu a tsaye a gefe, yace su yake fara dubawa kafin ya dubi allo. Da ɗana ya fassara min wannan sai da na yi murmushi, don kalmar da wani dattijon masunci ya taɓa faɗa min kenan a Tiga shekaru da yawa, yace Alhaji in kana neman kifi ka nemi tsuntsu.

Babu tana babu komai mai rai a ƙugiya. Duk na roba ne da katako, wani an yi shi kamar ƙaramin kifi, wani kamar kwaɗo, wani doguwar tsutsa mai laushi. Ya ɗaura min wani mai yawo a saman ruwa ya nuna min yadda zan riƙa fizgar sandar a hankali, tak tak tak, abin yana tafiya yana karkata hagu da dama kamar kifin da ya ji ciwo. Ya lura ban saba da injin naɗe zare irin nasu ba wanda ake dannewa da babban yatsa, sau biyu zare yana cukurkuɗe min, bai nuna gajiya ba ya karɓa ya canza min da mai sauƙi wanda injin ke rataye a ƙasan sanda. Ya kama hannuna ya gwada min jifa sau uku. Wannan haƙurin nasa na yaba masa ƙwarai.

Jifa na bakwai ko na takwas ne. Abin yana tafe tak tak, ya zo daidai wani kututture, sai ruwan ya fashe, wallahi kamar an jefa bulo, na ga baki a buɗe fari fat ya rufe a kan abin, na fizga da sauri sai abin ya dawo min fayau ba kifi. Mai jirgin yace ka yi sauri, in ka ga ya kai hari kar ka ja sai ka ji nauyinsa a hannunka, ido yana yaudara hannu ba ya yi. Yace sake jefawa wurin, bai ji ƙugiya ba yana nan. Na sake. Tak, tak, na tsaya kamar yadda yace, ruwan ya sake fashewa, na daure na ƙirga ɗaya biyu sai na ji sandar ta lanƙwashe kamar an rataya mata jarka. Kifin ya nutsa ya nufi kututturen, mutumin yana cewa ɗaga sanda kar ka bari ya naɗe, na juyo shi, sai ya taso sama gaba ɗayansa ya fito daga ruwa yana girgiza kai baki a buɗe yana so ya tofar da ƙugiyar, ruwa na fallatsa rana ta fara fitowa tana haska gefensa. Ɗana yana ta Abba riƙe Abba riƙe. Bai fi minti biyu ba duka amma da aka sa raga aka ɗago shi hannuna rawa yake, shekarata hamsin da bakwai ban taɓa jin kifi ya yi min haka ba.

Ya nuna min yadda ake riƙe shi, ka sa babban yatsa cikin bakin ka kama leɓen ƙasa, ɗaya hannun ka tallafi cikin don kar muƙamuƙin ya goce. Ba shi da haƙora masu yanka irin na tsage, kaushi ne kawai kamar sanfefa, zuwa yamma yatsana duk ya kurje. Ya kwantar da shi a kan ma'auni, inci 21, ya rataya a sikeli fam biyar da kaɗan, kusan kilo biyu da rabi. Shi ne na hoton. Aka ɗauka sau biyu sai yace to mayar da shi.

A nan ne muka ɗan samu saɓani, kuma nan ne nake so masu niyyar zuwa su buɗe kunne. Dokar tafkin ce, duk bas ɗin da tsawonsa yake tsakanin inci 16 zuwa 24 dole a sake shi nan take, ba ruwansu da kuɗin da ka biya ko nisan da ka taho. Wanda bai wuce 16 ba zaka iya ɗauka, guda biyar a rana shi ne iyaka, kuma a cikin biyar ɗin ɗaya tak ne zai iya zama wanda ya kai 24. Akwai jami'an da suke yawo a ruwa suna duba akwatin jirgi, in an kama ka tara ce, shi kuma mai jirgin sana'arsa ce a kan layi. Ɗana ya san da wannan amma bai faɗa min ba don yana tsoron zan ce a fasa. Na tsuguna na sa kifin a ruwa ina riƙe da leɓensa, yana buɗe kunnuwa yana rufewa, sai ya kaɗa wutsiya ya fice daga hannuna ya nutse. Gaskiya raina ya sosu. Mu a wajenmu kifi abinci ne, arziki ne Allah ya baka, kuma zuciyata ba ta kwanta da a huda bakin dabba don nishaɗi kawai a sake ta ba. Nace wa ɗana ya gaya masa ni ba zan wuni ina wahalar da halittar Allah ba tare da an ci ko ɗaya ba, in akwai wanda doka ta yarda a ɗauka to zan ɗauka. Mutumin ya ɗan ɓata fuska, don su masu wannan sana'a ko ƙananan ba sa son a kashe, amma yace hakkinka ne, kuma ya ƙara da cewa dokar ma don haka aka yi ta, a rage ƙanana su bar wa manya abinci. Muka ajiye guda uku 'yan inci 14 da 15.

Daga baya da muna cin abinci ya yi min bayanin da yasa na fahimce su ko da ban bar ra'ayina ba. Yace kifin da na saka zai iya shekara biyar ko shida a duniya, kafin ya kai fam goma sai ya ƙara wasu shekarun, in kowa ya tafi da nasa gida shekara uku ta isa a gama da tafkin, shi da masu otal da masu sayar da mai da masu shagon ƙugiya duk su tashi. Har wani shiri hukumar jihar take da shi tun 1986 mai suna ShareLunker, in ka kama wanda ya kai fam 13 a lokacin ƙwai sai ka kira su, su zo da mota mai tanki su ɗauke shi da rai su kai wajen kiwo ya hayayyafa, a zuba 'ya'yan a tafkuna, uwar a dawo da ita ruwa. Kifin farko da aka fara shirin da shi ma daga wannan tafkin ya fito. Ina jin wannan ina tuna kwandunan 'yan mitsi-mitsin karfasa da ake kawowa kasuwar kifi ta Galadima waɗanda ko tafin hannun yaro ba su kai ba, an kamo su da raga mai ƙananan ido, sannan mu dawo muna cewa kifin dam ya yi tsada ya yi wuya.

Daga ƙarfe tara abin ya canza. Rana ta ɗaga, ƙananan kifin suka watse, cizo ya tsaya cak. Ya kaimu tsakiyar ruwa inda yace akwai tsohuwar hanyar mota a ƙasa tun kafin a tare dam ɗin, da wani tudu a gefenta, ya nuna min a allo, ga hanyar kuwa a kwance, ga wasu ɗige-ɗige farare yace kifi ne. Ya ɗaura mana tsutsar roba da dalma, an ɓoye bakin ƙugiyar a jikin tsutsar don kar ta kama itace, ka jefa ka bari ta kai ƙasa ka riƙa janta a hankali kamar mai jan akuyar da ba ta so. Wannan kamun na haƙuri ne, cizon ba ya fashewa, ɗan tuk zaka ji a zare kamar an ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Awa biyu ban samu komai ba, ɗana ya samu biyu.

To ga babban ƙorafina a kansa. A wannan awa biyun shi ma ya ɗauki sanda ya tsaya a gaban jirgi yana jifa, kuma wanda yake gaba shi yake fara isa kowane wuri, ga allon da yake nuna kifi yana motsi a gabansa yake, mu muna baya muna jefawa inda ya riga ya wuce. Ya kama uku a gabanmu, ɗaya ma ya fi nawa. Da ɗana ya yi magana sai yace yana gwadawa ne ya gano abin da suke so yau. Na yarda akwai gaskiya a ciki, jifa biyar ko goma ya isa gwaji, amma ba awa biyu ba, mu muka biya kuɗin nan. Bayan an yi maganar ya ajiye sandar ya dawo da ni gaba ya tsaya a kafaɗata yana nuna min allo, ga shi can ya taso, bari, bari, ja, kuma cikin rabin awa na kama biyu. Ka ga kenan da tun farko haka yayi. Duk wanda zai je ya yi wannan maganar tun a waya kafin ya tura kafin alƙalami, ka tambaya kai ma zaka riƙa kamawa ne ko koya mana zaka yi.

Sauran ƙananan abubuwa. Jirgin ba rumfa, ranar Teksas a Mayu ba ta kai ta Kano a Afrilu ba amma akwai gumi mai danƙo kamar na Legas, ga hasken ruwa yana dukan ido, ka tafi da malafa da baƙin gilashi da riga mai dogon hannu. Ruwan sha da ƙanƙara shi ya kawo, abinci kuwa kowa da nasa, mu mun tafi da soyayyar kaza da burodi daga gida kuma haka nake ba kowa shawara, don abincin shagunan bakin ruwan nan yawanci da naman alade a ciki. Ba bayan gida a jirgi sai an koma gaɓa, ka rage shayi da safe. Ladan ƙarshe da suke bayarwa bayan kuɗin aiki kusan dole ne a al'adarsu, ɗana ya ƙara masa dala 60, ka sa wannan a lissafi. Kuma babu alƙawarin kama kifi, in ka wuni ba ka samu ko ɗaya ba kuɗinka ba ya dawowa, hadari da tsawa ne kaɗai suke sa a ɗaga maka rana.

Wajen sallah kuwa ban da abin cewa sai godiya. Da azahar tayi ɗana ya gaya masa, bai tambayi komai ba ya kaimu wata gaɓa mai yashi a ƙarƙashin bishiyoyi, ya kashe inji da rediyo, muka yi alwala da ruwan tafkin muka yi sallarmu, shi yana zaune a jirgi ya juya baya yana gyaran zare. Mintunan da muka ɓata kuma ya ƙara mana su a ƙarshe ba tare da mun roƙa ba.

Jimilla ni na kama shida ɗana bakwai. Ukun da muka ɗauka shi ya feɗe mana su a bakin ruwa da wuƙar lantarki, ya cire tsoka zalla zai zubar da kawunan nace a'a a sa min a leda. Da daddare muka yi farfesu da kayan yajin da Hajiya ta cusa min a jaka tun daga gida. Naman fari ne mai laushi ba ƙarni sosai, ya fi kusa da karfasa, bai kai giwan ruwa daɗi ba a bakina, kuma ko kusa bai kai tarwaɗar dam maiƙo ba. Wanda zai je don nama ya riƙe kuɗinsa ya tafi Galadima, dala 500 za ta cika masa firiza har ya raba wa maƙwabta.

In maki zan bayar, bakwai cikin goma. Na cire biyu saboda awa biyun da ya yi yana kamun kansa, ɗaya saboda gudun safe. Bakwai ɗin kuwa na sanin ruwan ne, mutumin ya san tafkin nan kamar yadda na san layukan Kwari, ya san inda tsohuwar gada take a ƙasa, ya san in iska ta juyo daga kudu wane lungu zai yi kifi, shekara talatin yana kan ruwan, kuma abin da muka saya kenan da kuɗinmu. Ga mai son fatsa da gaske wanda Allah ya hore masa kuma ya riga ya je ƙasar, sau ɗaya ya cancanta, ku je ku biyu ku raba kuɗin, in da hali a Maris ko Afrilu lokacin manyan suna bakin gaɓa. Wanda bai taɓa riƙe sanda ba ya karɓi rabin wuni, awa huɗu na safe, don duk daɗin yana nan.

Lahadin da ta wuce na ɗauki sandar da ɗana ya saya min da 'yan kifin roba guda biyar na tafi Tiga. Dattijon masuncin nan ya rasu ashe, Allah ya gafarta masa, ɗansa na samu yana ɗinkin koma a ƙarƙashin bishiya. Nace Malam nawa zaka karɓa ka ajiye komarka yau ka ɗauke ni a kwale-kwale ka nuna min inda manyan kifi suke kwana, ba kifinka zan saya ba, wuninka nake so. Ya daɗe yana kallona yace Alhaji ba a taɓa tambayata haka ba, ban san me zan ce ba. Na ba shi abin da yace yana samu a rana mai kyau na ninka. Ya kaini wajen wasu duwatsu da ban taɓa sanin akwai su ba duk shekarun da nake zuwa, ya sa ni na yi shiru, yana duba ruwa yana duba sama. Ban kama komai ba sai wata tarwaɗa guda da tana, kifin robar ko kallonsa ba su yi ba, yace ruwan ya yi jaa saboda damina in dawo bayan kaka in ya kwanta. Mun yi da shi zan koma da mutum biyu daga majalisa, kuma na riga na yi odar rigar ruwa guda huɗu, ɗaya tasa ce.